Filin da Ba a Gina Ba, Banza Ne?

Ga wata tambaya da ta kamata mu auna ta da hankali. A ce akwai fili a tsakiyar unguwa, maƙwabta suna lambu a wurin tun da daɗewa, sai mai filin ya sami mai saye da kuɗi mai kauri. Me ya wajaba a yi? A sayar a gina shaguna, ko kuwa a bar wa alayyafo da albasa? Wannan magana ta shafe mu a Gwaram da Birnin Kudu, gama tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991 garuruwanmu suna ta faɗaɗa, gonakin bakin gari kuwa suna komawa fuloti ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara duba yadda mutanen dā suka yi. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya tarar gidaje ba su cika fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Sauran duka gonaki ne da lambuna. Ba don sun rasa magina suka bar wurin haka ba. Sun sani idan abokan gaba suka kewaye birni, aka rufe ƙofofi, abin da ke cikin ganuwa shi kaɗai za a ci. Ashe a wurinsu filin noma ma makami ne, kamar ganuwar kanta.

Yau ba a kewaye mu da mashi da kibiya, amma tsada tana iya kewaye mu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau, kayan miya da a ke ɗaukowa daga nesa suka bi shi. Mai kuɗi ya kan saya duk da haka. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar kuwa sai ta rage miya, yara su ci tuwo da ruwan kuka tsalala. Ƙaramar garka ta zogale da yakuwa da kuɓewa a bayan gida ita ce ganuwarta. Mutanen Habana, babban birnin Kyuba, sun koyi wannan bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, sa'ad da mai da taki suka yanke musu, suka mai da kangaye lambuna domin su rayu.

Amma kada mu yi wa mai fili rashin gaskiya. Ƙasarsa ce, ko ya gāda ko ya saya da guminsa. Watakila yana da ɗa a makaranta, ko mara lafiya a asibiti. Wanda aka ba shi aron wuri bai zama mai wurin ba, ko da ya shekara goma yana ban ruwa. Idan masu lambu suka ƙi tashi, gobe ba mai sāke ba da aro, sai kowa ya kewaye filinsa da katanga ya bar wa ciyawa da macizai. Mutane kuma suna bukatar gidaje. Wannan duk gaskiya ne.

Har wa yau akwai wani abin da ya fi wannan nauyi. Ba kowane lambun cikin gari ne alheri ba. A Kano akwai lambuna da yawa a bakin rafin Jakara, wanda ke ɗauke da ruwan kwatocin birni, da rafin Getsi, wanda ke kwaso dattin masana'antun Bompai har da na majema. Latas ɗin da aka shayar da irin wannan ruwa ya kan yi kore shar, mai saye kuwa ba ya ganin abin da ke cikinsa. Laifin wa ke nan? Mai lambu yana da nasa rabo, gama ya san ruwan. Amma wanda ya zuba dattin yana da nasa, garin da ya ture matalauci daga ƙasa mai kyau har ya rage masa bakin kwata kaɗai shi ma yana da nasa.

To, ga inda tunaninmu ya tsaya. Abin da gari duka ke bukata, bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya nauyinsa ba. Kada mu tilasta wa mai fili ya yi hasara domin mu sha miya, kada kuma mu zauna har fili na ƙarshe ya tafi. A Ingila dokar 1908 ta wajabta wa majalisun gari su tanada filayen lambu idan mazauna suka nema. A ƙasarmu dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna amana domin jama'a. Mai riƙon amana kuwa ana iya roƙonsa, ana iya tuna masa.

Saboda haka sa'ad da a ke yanka sababbin unguwanni, mu je wurin mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma, mu roƙa a keɓe wurin lambu kusa da ruwa mai tsabta, kamar yadda a ke keɓe kasuwa da makabarta. Inda makaranta ko wani maƙwabci ya ba da aron fili, a rubuta sharaɗi a gaban shaidu: shekara nawa, wa zai yi shinge saboda awaki, yaya za a bi layin ban ruwa. A fara ba marasa gona kwami kafin masu gona. Kada kuwa a sayar wa baƙo ganyen da mai lambu ba zai ba ɗansa ba.

Kano ta riga ta cika, gyara ya yi mata wuya. Gwaram da Birnin Kudu kuwa suna da sauran fili da fadama. Gini idan ya hau kan ƙasa ba ya sauka, domin haka shawarar ta wannan tsara ce. Jikokinmu za su tarar da abin da muka bar musu, ko lambu ko siminti.