Darasi: Sa'ad da Aiki Ya Saɓa wa Sani

Wurin karatu: 1 Sama'ila 15:10-31 da 2 Sama'ila 12:1-13.

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wani ciwo wanda ba ya nunawa a jiki, amma kowane ɗan Adam ya san shi. Shi ne nauyin da mutum yakan ji a ransa sa'ad da abin da ya aikata ya saɓa wa abin da ya sani daidai ne. Mai awo a kasuwa ya san mudu na gaskiya, ga shi kuwa ya lotsa gindin nasa. Zuciya ba ta iya riƙe waɗannan biyu da daɗewa, dole ɗaya ya ba ɗaya wuri.

1. Abin da masana suka gani

A shekara ta 1957 wani masanin halin ɗan Adam a ƙasar Amurka, mai suna Leon Festinger, ya rubuta littafi a kan wannan saɓani na zuci. Ya nuna cewa mutum yakan nemi sauƙi ta hanya biyu: ko ya sake aikinsa, ko kuwa ya sake tunaninsa domin ya dace da aikin. A 1959 shi da James Carlsmith suka ba da labarin gwajin da suka yi a Jami'ar Stanford. An sa ɗalibai aiki mai gundura na sa'a guda, sa'an nan aka roƙe su su gaya wa mai bi musu cewa aikin da daɗi. An biya waɗansu dala 20, waɗansu dala 1. Da aka tambaye su daga baya, masu dala 1 ne suka fi cewa sun ji daɗin aikin. Gama mai dala 20 ya san kuɗi ne ya sa shi ƙarya. Mai dala 1 kuwa ba shi da dalilin da ya isa, sai ya lallashi kansa har ya gaskata ƙaryarsa.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana wannan hali tun da daɗewa, cikin labarin sarakuna biyu.

2. Hanyar Saul

An umarci Saul ya hallaka Amalekawa da dukan abin da suke da shi. Amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya kuma keɓe mafi kyau daga cikin tumaki da shanu. Duk da haka, da ya sadu da Sama'ila a Gilgal, sai ya tarye shi da albarka, ya ce ya cika umarnin Ubangiji, alhali kukan tumakin yana shiga kunnen annabi. Mu lura da matakan da ya bi. Da fari ya ɗora wa jama'a laifin. Na biyu ya sa wa laifin rigar ibada, wai domin hadaya aka bar dabbobin. A ƙarshe, ko da ya amsa ya yi zunubi, abin da ya dame shi shi ne a girmama shi a gaban dattawa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Saul ya kwantar da zuciyarsa da hujja, mulki kuwa ya fita daga hannunsa.

3. Hanyar Dauda

Laifin Dauda a kan Uriya da matarsa ya fi muni a idon mutane. Shi ma ya zauna watanni yana rufe abin. Da annabi Natan ya ba shi misalin mawadacin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, Dauda ya husata ƙwarai, ya yanke wa mutumin hukunci, bai kuwa ga kansa a ciki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma da Natan ya nuna masa shi ne mutumin, bai kawo hujja ko ɗaya ba. Ya amsa laifinsa a gaban Allah. Horo bai tsallake gidansa ba, amma ya sami gafara. Zabura 51 ita ce addu'ar tubansa.

4. Mu fa?

Wannan abu yana cikin gidajenmu da kasuwanninmu. Mai bashi yakan ce mai kuɗin ba ya bukata. Mai gulma yakan ce domin a sa ɗan'uwa cikin addu'a ne ya faɗa. Ma'aikacin da ya karɓi toshiyar baki yakan ce kowa haka yake yi. Kowace hujja tana rage zafin na ɗan lokaci, amma tana sa laifi na biyu ya yi sauƙi, har lamiri ya kangare, mutum ya daina jin kome. Nan ne hatsarin yake.

Saboda haka kada mu ɗauki wannan nauyi abokin gaba. Alheri ne na Allah, kamar zafin da ke sa a janye hannu daga wuta. Idan ya zo, mu kira abin da sunansa na gaskiya, mu tuba, mu mayar da abin da ba namu ba. Mu kuma gode wa Allah saboda ɗan'uwan da ya yi mana aikin Natan.

Tambayoyi

1. Waɗanne hujjoji Saul ya kawo? Wace ce a cikinsu aka fi ji a yau?
2. Don me Dauda ya ga laifin mawadacin nan da nan, bai ga nasa ba?
3. Yaya za mu tsauta wa ɗan'uwa har ya iya ji?

Addu'a

Ya Ubangiji, kada ka bar mu mu sami kwanciyar rai cikin ruɗin kanmu. Ka ba mu kunnen jin tsautawarka, da ƙarfin gyara aikinmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.