Kwancin Kaza da Amanar Dabba

A ƙasar Ƙofa da Bebeji, har zuwa Kiru, idan damina ta kankama zabbi suka fara zuba ƙwai, al'adar matan gida ce su sanya ƙwan zabuwa ƙarƙashin kazar da ta shiga kwanci, domin zabuwa ba ta da haƙurin reno, ita kuwa kaza, wadda nata ƙwan kwana 21 yake yi, sai ta daure har wajen kwana 28. To, shin wannan yaudara ce ko hikima?

Abin da hankali ya nuna shi ne, tun da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam dabbobi bisa amana, kuma ilhamin da ya kimsa wa kaza na jin ƙai ne ga duk abin da ta ƙyanƙyashe, sauya ƙwai bai tauye mata haƙƙi ba. Amma wanda ya ƙara mata wahalar mako guda, wajibi ne ya kusanto mata da ruwa da tsaba, ya tsare akurkinta daga muzuru, gama gafala daga hakan zalunci ne, kuma za a tambaye shi ranar hisabi.