Hukuncin Mallakar Manyan Motoci Masu Shan Mai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a wannan mako filin zai yi magana a kan wata mas'ala da ake yawan gardama a kanta a majalisu da bakin kasuwa, watau mallakar manyan motocin nan da ake kira jif, irin su Land Cruiser da Prado da Range Rover, masu ja da ƙafa huɗu, masu ratsa yashi da laka, masu shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya. Jama'a sun kasu kashi biyu. Wasu da sun hango irin wannan mota sai su yanke wa mai ita hukuncin almubazzaranci tun ba su san ko wane ne ba. Wasu kuwa cewa suke dukiyarsa ce, da guminsa ya nema, ba ruwan kowa. Shari'a ba ta goyi bayan ɗayansu ɗungurungum ba, domin tana da ma'auninta na daban.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne asalin abin hawa halal ne, jin daɗinsa ma halal ne. A farkon Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, Ya bayyana cewa an halicce su domin hawa kuma domin ado, sa'an nan Ya sanar da cewa Yana halittar wasu abubuwan da mutane ba su sani ba. Malaman tafsiri na wannan zamani da yawa sun shigar da mota da jirgi a ƙarƙashin wannan ƙarshen aya. Abin lura a nan shi ne an ambaci ado a jere da hawa, ba a kuwa ambace shi da zargi ba. Har ila yau Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace tagari da yalwataccen gida da maƙwabci nagari. Saboda haka mutumin da Allah Ya buɗa wa ta hanyar halal, ya sayi mota mai ƙarfi, yana jin daɗin zamanta da sanyinta da yadda take haye tudu ba tare da nishi ba, bai yi laifi ba don wannan jin daɗi kawai. Mai ƙyashinsa ya binciki zuciyarsa, kada ya zama hassada ce ta yafa rigar wa'azi.

Kana kuma akwai waɗanda wannan mota kayan aiki ce a wurinsu. Don aikin ma aka fara ƙera ta: Land Rover ta fito a Ingila a shekarar 1948 musamman domin manoma, Land Cruiser kuma ta fito a Japan a farkon shekarun 1950. Dattawan ƙasar nan suna tune da Land Rover ta malaman gona da malaman dabbobi masu bin rugage suna yi wa shanu allura. Har yau wanda zai kai magani ƙauyukan da ke cikin rairayin arewacin Jihar Yobe, ko ya shiga lungunan tsaunin Mambila da damina, ko ya keta hamada daga Agadas zuwa Bilma, ba zai yi da ƙaramar mota ba. Man da irin wannan mutum ya ƙona bai tafi a banza ba.

To, ina ma'aunin yake? Yana cikin wani hadisi da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, inda Manzon Allah ya kasa dawaki gida uku. Akwai dokin da yake lada ga mai shi, shi ne wanda aka ɗaure domin ɗaukaka addinin Allah, har ciyawar da ya ci da ruwan da ya sha ana rubuta su cikin ayyukan alheri. Akwai wanda yake sutura, shi ne na mutumin da ya riƙe shi don ya wadatu daga roƙon mutane, bai kuwa manta da haƙƙin Allah da ke wuyansa da bayansa ba. Akwai kuma wanda yake zunubi, shi ne na wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Doki ɗaya ne, ci ɗaya, sirdi ɗaya, amma hukunci uku. Haka motoci uku za su fito daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ta zama lada, ɗaya sutura, ɗaya kaya a wuyan mai ita ranar alƙiyama. Mai irin wannan mota yana iya gane kashin da tasa ta faɗa idan ya amsa wa kansa tambayoyi biyar tsakaninsa da Allah.

Ta farko: da wane kuɗi aka saye ta? Motar da aka saya da kuɗin riba, ko da haƙƙin marayu, ko da albashin ma'aikatan da aka danne, ba ta halatta don an rataya tasbaha a madubinta. Abin ya fi nauyi idan kuɗin baitulmali ne. A watan Oktoba na shekarar 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin mai, jaridu suka cika da labarin sayo wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kowace ɗaya kuɗinta ya haura Naira miliyan 100. Hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin mazaɓu ba su da kyau. Amma mai hankali zai tambaya: wanda aka ɗora wa amanar gyaran hanya, ya dace ya sayi abin da zai hana shi jin ramukanta, ya bar talaka yana jin su a ƙugunsa? Malaman tarihi sun ruwaito cewa ranar da aka naɗa Umaru ɗan Abdul'aziz halifa a shekara ta 99 bayan Hijira an jawo masa dawakin sarauta, ya ƙi hawa, ya nemi alfadararsa, ya sa aka sayar da su aka zuba kuɗin a baitulmali. A ƙasar nan ma an taɓa yin zamani, a ƙarshen shekarun 1970, da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna motar manyan ma'aikata, kuma aikin gwamnati bai tsaya ba.

Ta biyu: man da take sha, a kan me yake tafiya? Israfi a Shari'a shi ne wuce iyakar bukata ko da a cikin halal ne, tabziri kuwa shi ne zuba dukiya inda ba ta dace ba, kuma Suratul Isra'i, aya ta 27, ta danganta masu tabziri da 'yan'uwantakar shaiɗanu. Lissafin a fili yake. Babbar jif mai silinda takwas tana shan kimanin lita 15 a tafiyar kilomita 100, ƙaramar mota kuwa kimanin rabin haka. Daga Kano zuwa Kaduna da dawowa, kusan kilomita 460, ta farko za ta sha wajen lita 70, ta biyu wajen 35, alhali kwalta ɗaya suka bi. Idan an ɗauko iyali takwas da kayansu, ƙarin man ya sami dalili. Idan kuwa mutum ɗaya ne tal a cikin ƙarfe mai nauyin fiye da tan biyu, daga gida zuwa ofis a tsakiyar birni, motar ba ta taɓa taka burji ba tun da aka sayo ta, to, ya nemi amsar da zai bayar, domin Suratut Takasur ta rufe da cewa lalle za a yi tambaya a kan ni'ima.

Akwai wani ɓangare na wannan lissafi da ba a cika kula da shi ba. A shekarun da gwamnati ke biyan tallafin mai, kowace lita da aka sha akwai kuɗin jama'a a cikinta, saboda haka mai tanki mai cin lita fiye da 100 ya fi ɗan acaɓa cin rabon baitulmali nesa ba kusa ba. Da aka ba da sanarwar janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Waɗanda suka fi kowa jin raɗaɗin su ne marasa mota, waɗanda kuɗin mota da na abinci suka ninka musu. Ban da haka, kowace lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar da masana suka tabbatar tana ƙara ɗumamar duniya, mutanen da ke gefen hamada kuwa suna cikin na gaba wajen ɗanɗana kuɗarta. Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa a cikin Muwaɗɗa, kuma cutar da aka raba wa mutane dubu kaɗan-kaɗan ba ta tashi daga zama cuta ba.

Ta uku: yaya take da mutane a kan hanya? Manzon Allah ya yi umurni a ba hanya haƙƙinta, ya lissafa kame cuta da amsa sallama a ciki. Wanda ya keta kududdufi da gudu ya watsa wa mai zuwa masallaci taɓo, ko ya bule mai tallar abinci da ƙura, ko ya danne mai a-daidaita-sahu zuwa kwata don ya san nasa ƙarfen ya fi, ko ya tare ƙofar masallaci ranar Juma'a, ko ya ratsa gonar talaka da damina don gwada ƙarfin taya, duk ya ci haƙƙin da istigfari kaɗai ba ya kankarewa sai an nemi yafewar masu shi. Girman motar kuma yana ƙara nauyin kula. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 2023 ya nuna cewa motoci masu dogon goshi sun fi masu gajeren goshi kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100, domin a ƙirji ko a ka suke dukansa. Tun a ƙarni na huɗu bayan Hijira Ibnu Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa mai hawa da mai ja da mai korar dabba su ke lamunin abin da ta tattake. Direba da mai gidan da ke zaune a baya yana ce masa ya taka, kowa ya san rabonsa a nan.

Ta huɗu: me take yi wa zuciya? Wani mutum ya taɓa gaya wa Manzon Allah cewa mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai aka amsa masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Muslim ne ya ruwaito. To, babbar mota tana ɗaga mai ita sama, ya riƙa kallon jama'a daga bisa ta bayan baƙin gilashi, ba ya jin sallama balle ya amsa. A nan Shaiɗan ke samun ƙofa. Suratul Isra'i, aya ta 37, ta hana tafiya da taƙama a bayan ƙasa, ta tuna wa mutum cewa ba zai tsaga ƙasa ba, ba kuwa zai kai tsawon duwatsu ba. Wannan tunatarwa ta fi dacewa da wanda ke riƙe da sitiyarin motar da ake tallarta da cewa babu dutsen da zai gagare ta. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, a tafiyarsa ta Sham, an kawo masa wani doki mai rangwaɗa, da ya hau ya ji yadda yake tafiya da shi sai ya sauka nan take ya koma kan abin hawansa, don tsoron abin da ya fara ji a ransa. A ƙasar Hausa kuma, 'yan shekaru bayan fara jihadin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar jama'a ya nufi gabas har ya iso Kano saboda takaicin yadda son duniya ya shiga zukata, kuma cikin abin da ya zarga har da tara dawakin ado da ake sukuwa da su cikin gari maimakon wurin da aka tanade su dominsa. Motar daji da ba ta san daji ba 'yar'uwar wancan doki ce.

Ta biyar, wadda aka fi mantawa: ina haƙƙin Allah da ke bayanta? Babu zakka a kan motar hawa, kamar yadda babu a kan dokin hawa, sai fa idan ta kasuwanci ce. Amma rashin zakka bai kore haƙƙi ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa a wata tafiya Manzon Allah ya umurci duk mai rarar abin hawa ya taimaka wa wanda ba shi da shi, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu mai haƙƙi a kan abin da ya yi masa rara. Sau nawa damina ta yanke hanyar ƙauye, mace tana naƙuda aka ɗora ta a amalanke ko a bayan babur, alhali ɗan garin yana birni da jif biyu an lulluɓe su da tamfol? Motar da ta kai mai haihuwa asibiti da tsakar dare, ta ɗauki gawar maƙwabci, ta kai hatsi inda ambaliya ta ci, ta rage wa tsoho hanya a rana, ana fata kowace litar da ta sha a wannan aiki ta shiga mizanin mai ita kamar ciyawar dokin farko.

Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi zuciyarsa ta natsu, ya hau motarsa ya gode wa Allah, babu mai zarginsa. Wanda ya ga tasa ta karkata zuwa kashi na uku, ƙofar gyara a buɗe take: ya mayar da haƙƙi ga masu shi, ya rage yawon da ba dalili, ya sauke gilashi ya amsa sallama, ya saka ta cikin hidimar jama'a, ko ya sayar ya sayi daidai bukatarsa. Addu'ar hawa da Musulmi ke karantawa, wadda aka ɗauko daga Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, ta fara da tsarkake Allah da Ya hore abin hawan, ta ƙare da ikirarin cewa gare Shi za a koma. Duk wanda ya kunna mota da wannan addu'a ya riga ya tuna wa kansa cewa akwai hawan ƙarshe, a kan makara, bisa kafaɗun mutanen nan da yake wucewa a hanya.

Allah Ya sa abin da Ya hore wa bayinSa ya zama hujja gare su, kada ya zama hujja a kansu. Ya kiyaye matafiya, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya wadata talakawa da halal. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.