Yaron da aka tsinta a hanyar Aljeriya, wa ya fi cancantar riƙonsa?

A watan Oktoba na 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Daga cikinsu 52 yara ne, da yawa kuma 'yan yankin Kance ne a jihar Damagaram, an nufi kai su bara. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke kwaso 'yan Nijar tana maido su ta Asamaka, su bi Arlit zuwa Agadas. A irin wannan ayari ba a rasa yaran da ba uwa ba uba tare da su. Abin da hukuma da ƙungiyoyi irin su UNICEF ke yi shi ne cigiyar iyayen yaro a mayar da shi gida. Ni kuwa tambayar da ke cina ita ce: in gidan ne ya tura shi fa?

Na taɓa zama kusa da wani irin wannan yaro a tasha, bai fi shekara takwas ba. Da aka tambaye shi sunan mahaifiyarsa sai ya ce Inna. Sunan garinsu bai iya faɗa ba, sai dai ya san ranar Laraba kasuwarsu ke ci. Matar da ta tafi da shi ba danginsa ba ce, maƙwabciya ce da aka ba ta shi a kan za ta riƙa aiko wani abu. Mayar da shi hannun da ya miƙa shi, ba tare da an tambayi komai ba, wanke hannu ne kawai.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce ta kifaya a kan jama'a: in wani ya yi ya ɗauke wa sauran, in kowa ya kau da kai duk sun yi laifi. Yaron ɗa ne, ba ya zama bawan kowa, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali in akwai. Amma mai riƙo ba ya zama uba. Zaidu ɗan Harisa an sace shi yana ƙarami, aka sayar da shi a kasuwar Ukaza, har ya zo hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW). Da mahaifinsa da baffansa suka ji labarinsa suka zo Makka da fansa, sai Annabi ya ƙi karɓar kuɗi, ya kira Zaidu ya ba shi zaɓi. Zaidu ya zaɓi zama. Daga baya Suratul Ahzabi ta sauka da umarnin a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan iyayensu. Abu biyu na tsinta a wannan ƙissa. Nasaba ba ta yankewa, ko yaro ya shekara nawa a hannun wani. Sannan an saurari bakin yaron kafin a yanke inda zai zauna.

A babin reno ma, uwa ce kan gaba, sai kaka ta wajen uwa, sai inna, wato 'yar'uwar uwa. Sai dai kowacce an gindaya mata sharaɗin amana da iya kula da yaron da wurin zama mai tsaro. Wanda ya rasa sharaɗin, riƙo ya tsallake shi ya koma ga na gaba, dangantaka kuwa tana nan daram. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rabu da iyalinsa.

Ban ce a ƙwace wa talaka ɗansa don talaucinsa ba. Uwar da ta ba da ɗanta bayan damina ta ƙi, rumbu ya kwana fayau, ba ƙiyayya ce ta sa ta ba. Yunwar da ta kori yaron tana nan tana jiransa a ƙofar gida, shi ya sa ake ganin wasu yaran sun sake bin hanyar bayan an maido su. Haɗa yaro da iyalinsa wajibi ne, amma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka sauke shi daga mota aka sa hannu a takarda. Sai an tambayi yaron, an san wanda ya tura shi, in ya kama a ba kaka ko kawu riƙonsa da sanin alƙalin yara, sannan a riƙa leƙowa bayan wata da watanni.

Wannan leƙowar ba ma'aikacin da ke zaune a Agadas ne zai yi ta ba. Mai gari da liman da malamin makaranta su ne suka san gidan da aka zo neman yara ana gab da rani. Muna cewa ɗa na kowa ne. To duk wanda ya ga an maido yaro unguwarsu, ya je ya gaida gidan, ya ga ko yaron na cin abinci, ko yana zuwa makaranta, kuma ya yi magana ranar da ya ji ana shirin sake ɗaukarsa.