SHAWARA AMANA CE: CIN GANYE DA SANKARAR MAMA

 Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana cin raina, wato shin ya dace mutum ya ba majinyaci shawarar da shi kansa bai tabbatar da ita ba, don kawai yana son ya kwantar masa da hankali? Ba a aji na gamu da wannan tambaya ba, a gidanmu na gamu da ita, a Bilbis ta ƙasar Tsafe, kuma ni ne mai laifin.

Ina shekarata ta biyu a jami'a yayata ta bugo mini waya, ta ce gwaggonmu ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, wani ma'aikacin lafiya ya ce a gaggauta kai ta babban asibiti, mai yiwuwa sai an yi aiki. Gida ya rikice, ga tsoron wuƙa, ga rashin kuɗi, ga fargabar hanya. A daren nan na shiga intanet ina lalube, sai na ci karo da wata Baturiya tana ba da labarin yadda ta ce ta warke daga sankarar mama ta hanyar barin nama da madara da ƙwai, ta koma cin tsirrai zalla. Ban tsaya bincike ba. Na fassara maganarta da Hausa mai daɗi, na tura gida ta WhatsApp.

Da na zo hutu na je gaishe ta, sai ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Ɗan nan, an ce ka ce in bar nama. Wane naman zan bari? Ai rabona da shi tun layya." Muka yi dariya. Amma nonon shanun da take dama fura da shi ta bari, man shanu ta bari, kuma duk wanda ya tayar da zancen asibiti sai a ce masa, ai ɗanmu na jami'a ya ce ba sai an yanka ba. Wata biyar aka yi a haka.

To, kafin mu shiga batun laifi, ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Masu wannan ra'ayi na cin tsirrai zalla, waɗanda Turawa ke kira bigan, sun kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944, ƙarƙashin wani mai suna Donald Watson, kuma tausayin dabbobi ne ya fi rinjaye a cikin dalilansu. Daga baya ne aka riƙa jingina wa abin maganin cututtuka. A nan akwai tambayoyi biyu waɗanda mutane kan cakuɗa, alhali kowace da amsarta. Ta farko, cin tsirrai yana hana sankarar mama kama mace? Ta biyu, yana warkar da ita in ta riga ta kama?

Game da ta farko, akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta bayyana cewa naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da makamantansa, yana jawo ciwon daji, jan nama kuma mai yiwuwa ne yana jawowa. Sai dai mafi yawan hujjar a kan dajin hanji take. Abubuwan da aka fi tabbatar da alaƙarsu da sankarar mama su ne yawan shekaru, da gado, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da shan giya, da rashin motsa jiki. Shayarwa kuwa tana ragewa, domin wani babban nazari na 2002 da ya tattara bayanai daga ƙasashe 30 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da wajen kashi 4 cikin 100. Saboda haka mai cin ganye da wake da hatsi, wadda ba ta tara teɓa ba, ta yi wa jikinta gata, amma ba ta sayi tabbaci ba. Gwaggona shaida ce. Tun tana yarinya abincinta tuwon dawa ne da miyar kuka, da kwaɗon zogale da rama da tafasa, ta shayar da 'ya'ya bakwai, tana surfe tana daka, kuma duk da haka ciwon ya same ta.

Game da ta biyu kuwa, amsar a fili take. A 2007 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da mata 3,088 waɗanda aka riga aka yi wa maganin sankarar mama. Rabinsu aka sa su yawaita ganye da 'ya'yan itace ƙwarai, su rage maiƙo, aka bi su har shekara bakwai. Ciwon ya dawo wa wajen kashi 17 cikin 100 a kowane ɓangare, babu bambanci. Bugu da ƙari, a 2018 masu bincike na Jami'ar Yale suka duba waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyi kaɗai, suka tarar haɗarin mutuwar masu sankarar mama a cikinsu ya ninka na sauran fiye da sau biyar. Ko labaran warkewar da ake yaɗawa ma ba duka ne na gaskiya ba. Wata 'yar Ostareliya mai suna Belle Gibson ta yi suna da kuɗi da iƙirarin ta warkar da dajin ƙwaƙwalwarta da abinci, sai a 2015 ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin ciwon ba.

Yanzu sai mu dawo kan tambayarmu ta ɗa'a. Na san wani zai ce, ai niyyarka kyakkyawa ce, kuma ganye bai taɓa kashe kowa ba. Wannan ita ce hujjar da na daɗe ina lallashin kaina da ita. Amma niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ƙullutun da ke jikin majinyaci bai san da ita ba, girmansa yake yi. Haƙiƙa zogale bai cuci gwaggona ba. Abin da ya cuce ta shi ne wata biyar ɗin nan, domin wannan ciwo ne wanda lokaci ke yanke hukuncinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na matan da ya kama suna rayuwa shekara biyar ko fiye, a Afirka ta Kudu kuwa wajen kashi 40 ne, kuma jinkirin ganowa na cikin manyan dalilan wannan rata. A Nijeriya an ƙiyasta mata fiye da 28,000 ne ya kama a 2020, fiye da 14,000 suka rasu.

Wani kuma zai ce, ai kowa na da 'yancin zaɓen maganin da yake so, ba kai ka hana ta zuwa asibiti ba. Gaskiya ne ban ɗaure ta ba. Amma zaɓi yana zama zaɓi ne in an shimfiɗa wa mutum gaskiya ya duba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Iyalin da ke lissafin sayar da gona don kuɗin aiki, in ka zo musu da hanya mai araha wadda babu wuƙa a cikinta, ka riga ka yi musu zaɓin. Balle kuma maganar ta fito daga bakin ɗan jami'a. Da mai tallar magani a kasuwar Tsafe ne ya faɗa, da sun yi tababa. Ni suka yarda da ni saboda takardar da suke zaton na karanta, ni kuwa adabi da nahawu nake karantawa, ban taɓa leƙa ajin likitanci ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wuyan wani nawa ƙuƙumin ya faɗa.

Akwai kuma wata cuta ta ɓoye a cikin irin wannan shawara. Duk wanda ya ce wa mace abinci ne maganin ciwonta, to a fakaice ya ce mata bakinta ne ya jawo mata, kuma in ba ta warke ba, ita ce ba ta kiyaye ba. Wannan zalunci ne ga matar da ba ta ƙoshi da naman ba balle ta yi masa yawa. Shawarar barin nama an yanka ta ne daidai da mutanen da nama ya yi wa yawa. Da muka ɗauko ta muka sa wa 'yar ƙauye, sai muka raba ta da ɗan nonon da ke riƙe da jikinta, a daidai lokacin da ta fi bukatar ƙarfi. Su kansu masu cin tsirrai zalla sai sun haɗa da ƙwayar bitamin B12, domin ba a samunsa yadda ya kamata a tsirrai.

Ba cewa nake yi mu rufe baki ga marasa lafiya ba, domin zumunci bai yarda da haka ba. Abin da nake gani shi ne, shawara amana ce, kuma nauyinta gwargwadon yardar da aka ba mai ita ne. Kafin ka furta, tambayi kanka, na sani ne ko kuwa ji na yi? In kuma na yi kuskure, a jikin wa abin zai ƙare? Mai ƙaunar majinyaci da gaske sai ya ce mata, ki ci zogalenki, ki sha furarki, mu yi addu'a, gobe kuma mu kama hanyar Gusau, in an tura mu Sakkwato ko Shika mu tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga ƙarshe an kai gwaggona asibiti, an cire maman, an yi mata allurai, kuma likita ya ce da an zo da wuri da abin ya fi haka sauƙi. Tana nan da rai, tana zuwa a duba ta, Allah kaɗai Ya san gaba. Da na durƙusa na roƙi gafararta sai ta ce, "Tashi ɗan nan, ai so ne ya sa." Ta yafe, amma ni na san so bai isa uzuri ba ga wanda aka tura neman ilmi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye harsunanmu da yatsunmu.