Ƙofar da Zafi Zai Fita

Bazara ta kankama a Kumagannam. Tun da hantsi rairayi yake hana mutum taka ƙasa ba takalmi, awaki su lafe a gindin katanga, iskar da ke gangarowa daga tuddan yashin Yusufari ta riƙa dukan fuska kamar hucin murhu. A irin wannan lokacin ne wani saurayi ya dawo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da jakar kayansa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya sauka a gidan kawunsa, mai injin niƙa a bakin kasuwa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

A cikin kwamfutar akwai wani wasa da ya ɗauke masa hankali, Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya ƙirƙira, ya kuma fitar da cikakkensa a 2015. A wasan, mutum ne zai harhaɗa kumbonsa da kansa, tankin mai da inji da ɗakin matuƙa, sannan ya harba shi sama daga wata duniya da ake kira Kerbin. Wasan bai san lallashi ba. Dokokin nauyi da gudu da zafi da ake koyarwa a aji su ne alƙalai a cikinsa. Burin saurayin shi ne ya kai kumbonsa Duna, jar duniyar da aka kwaikwayo daga duniyar Mars.

Ya zaɓi injin nukiliya saboda ba ya shan mai da yawa. Sai dai injin ba shi da ƙarfin turi, dole a bar shi a kunne na tsawon lokaci. Duk sa'ad da ya kunna, sai wani ɗan layi ya bayyana a jikin injin yana cika sannu a hankali, ƙarfen ya yi ja kamar garwashi, zafin ya tsallaka zuwa tankin da ke manne da shi, daga nan sai fashewa. Ya ce a ransa, tunda daɗewa ce ke kashe ni, bari in ƙara injuna in gama da wuri. Ya mai da biyu huɗu, ya mai da huɗu takwas. Kumbon ya tarwatse tun bai kai inda na farko ya kai ba.

Kwamfutar ma tana kan katifa, fankarta na ta kuka, ramukan iskarta duk sun toshe da ƙura. Yana shirin sake gwadawa ta ɗauke. Ƙanensa, ɗan kawun nasa mai shekara goma, wanda ya daɗe yana leƙe ta bayansa, ya ƙyalƙyale da dariya. Saurayin ya juya ya wanka masa mari. Yaron ya dafe kunci ya fita, bai ko yi kuka ba. Kawu yana zaure, ya ji komai, bai ce uffan ba.

Washegari ranar kasuwa ce, sai ga labarin rasuwa a wani ƙauye. Kawu ya sa babbar rigarsa, ya kira saurayin zuwa shagon niƙa. Ya nuna masa gangar ruwan da ke tsaye kusa da injin, da tiyo biyu da suka haɗa su, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

"Ɗana, ruwa yana shiga injin da sanyinsa ta ƙasa, ya fito da zafi ta sama. Ka riƙa taɓa gangar nan. In ta kai hannunka ba zai iya zama a jikinta ba, ka kashe inji, ka jira, ka sauya ruwa."

"To, Kawu. Allah ya kiyaye hanya."

Kafin azahar layi ya kai bakin hanya. 'Yan mata da ƙorai da robobi cike da gero da dawa, kowace tana cewa ita ta riga zuwa, tuwon dare na jira. Saurayin ya taɓa ganga ya janye hannu da sauri, amma ya dubi layin ya ce bari in ƙara kwano biyar. Biyar ta zama goma. Tururi ya fara tashi daga bakin gangar, warin baƙin mai ya cika shagon, muryar injin ta sauya, ta koma ƙwanƙwasa mai nauyi. Daidai nan Kawu ya shigo da sassarfa, bai ko yi sallama ba, ya kai hannu ya kashe injin.

Saurayin ya ruɗe, ya sungumi bokitin ruwan randa zai kwara wa kan injin. Kawu ya cafke hannunsa.

"Kul! Ƙarfen da ya yi wannan zafin, in ka watsa masa ruwan sanyi tsagewa zai yi. Yadda zafi ya shiga sannu, haka zai fita sannu."

Ya ba masu niƙa haƙuri, ya ce su dawo bayan la'asar. Su biyun suka zauna a inuwar dogon yaro, mai shayi ya zubo musu daga fulas. Saurayin ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Kawu kuwa sai ya ce:

"Wai abin nan da ke ta fashe maka jiya da dare, mene ne?"

Saurayin ya kwashe labarin kumbo ya faɗa masa, ya ƙara da cewa, "Abin da ya ɗaure mini kai, Kawu, can sama sanyi ne mai tsanani. Ya kamata a ce injin ya huce da kansa."

"Akwai iska a can?"

"Babu."

"Ruwa fa?"

"Babu."

"To wa zai ɗauke masa zafin? Injina ruwa ke ɗauke masa. Motocin da ke ratsa yashi daga nan zuwa Gashuwa, iska ce ke ɗauke wa lagiretonsu. Randa ma sai ta yi gumi iska ta busa kafin ruwanta ya yi sanyi. Zafi kaya ne, sai da ɗan dako."

Saurayin ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan fulas ɗin mai shayi. Ya san wannan a littafi, ya ma amsa shi a jarrabawa. Fulas bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa shayin safe ke kai azahar da zafinsa. Ashe kumbonsa a cikin wani makeken fulas yake tafiya. Inda babu iska babu ruwa, hanya ɗaya ta rage wa zafi, ya fita kamar yadda garwashi ke aiko da hucinsa ga fuskar mai jin ɗumi. Wannan hanya kuwa tana son faɗin jiki, tana son lokaci. Shi kuma wuta ya yi ta ƙarawa, bai buɗe ƙofa ko ɗaya ba.

Kawu ya kurɓi shayi ya ci gaba. "Ina saurayi na bi ayarin raƙuma, muna kai kanwa Nguru, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Raƙumi ba ya gardama da rana. Da tsakar rana zai durƙusa ya fuskance ta, ya haɗiye zafin a jikinsa. In dare ya yi, ya sake shi kaɗan kaɗan. Madugun kirki da sanyin asuba da na yamma yake cin tafiya. Wanda ya kori raƙuminsa da tsakar rana don ya riga kowa isa kasuwa, shi ne muke tararwa a hanya zaune kusa da kayansa."

Masana sun auna abin da Kawu ya gani da idonsa. Wani masanin dabbobi, Knut Schmidt-Nielsen, ya bincika raƙuma a hamadar Aljeriya a shekarun 1950, ya gano cewa raƙumi mai ƙishirwa yakan wayi gari jikinsa na kusan digiri 34 a ma'aunin Salshiyas, ya bar shi ya haura 40 da rana, sannan ya sauke zafin cikin dare ba tare da ya ɓarar da ruwan jikinsa wajen gumi ba. Saurayin ya faɗa wa kawunsa haka, bakinsa kuma ya buɗe. Ya ba shi labarin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 400, ana tura ruwan amoniya cikin bututu ya kwaso zafin injunanta da na mazaunanta, ya kai shi ga wasu manyan fararen fayafayai da aka shimfiɗa a waje. Ya gaya masa yadda 'yan sama jannatin Apollo 11, a hanyarsu ta zuwa wata a 1969, suka riƙa juya kumbonsu kamar sau uku a sa'a, don kada gefe ɗaya ya gasu ɗayan ya daskare.

"Kamar mai tsire ke nan," in ji Kawu.

"Haka ne, Kawu. Injin kumbon Amurka mai zuwa ya dawo kuwa, wutar cikinsa ta haura digiri 3,000, ta fi ƙarfin ƙarfen da ke riƙe da ita. Sai suka sa man nasa, haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, ya fara zagaya jikin injin cikin ƙananan bututu kafin ya shiga wuta."

"Ka ga gangata ke nan," Kawu ya ce. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya dube shi ido cikin ido. "Duk ka san wannan, ɗana. Amma jiya ƙanenka ka mai da ganga. Zafin da kumbo ya tara maka, a kuncinsa ka sauke."

Maganar ta shige shi fiye da duk faɗan da ya yi tsammani. Bayan la'asar suka sauya ruwa, injin ya tashi da muryarsa ta da, suka sallami kowa kafin magariba.

Da aka idar da sallar isha, saurayin ya je ya sami ƙanensa a tsakar gida, ya durƙusa daidai tsayinsa ya ce, "Na yi maka laifi, ka yafe mini." Ya kama hannunsa suka shiga ɗaki. Ya goge ƙurar kwamfutar da tsohon burushi, ya ɗora ta a kan itace biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Ya cire injuna shida ya bar biyu. Ya maƙala wa kumbon fayafayan fitar da zafi, waɗanda ke buɗewa kamar fukafukai. Ya kuma raba tafiyar kashi kashi: ya kunna inji na ɗan lokaci, ya kashe, kumbo ya zagayo Kerbin yana hucewa, in ya dawo wurin ya sake kunnawa.

"Kai ne mai gadin ganga," ya ce wa yaron. "Ka sa ido a kan layin nan. In ya wuce rabi, ka yi magana."

Sau huɗu yaron yana cewa, "Yaya, kashe!" Sau huɗu yana kashewa. Dare ya raba kafin jar duniyar ta bayyana, ƙarama kamar ƙwayar dawa, tana girma a hankali har ta cika fuskar kwamfutar. Yaron ya yi tsalle ya fita da gudu ya taso mahaifinsa.

Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu. Ba a aiki sai da zafi, injin da bai ɗumama ba bai niƙa ko tiya ɗaya ba, mutumin da ba ya jin zafin abu a ransa ma ba ya taɓuka komai. Amma zafin da aka tara ba ya ɓacewa don an kau da kai. In ba a yi masa ƙofa ba, shi zai fasa tasa, kuma abin da ya fi kusa yake fara ci: tankin da ke manne da inji, ƙane, mata, abokin sana'a. Shi ya sa malamanmu ke horon mai fushi da ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala, ya kame bakinsa. Duk wanda zai hura wutar wani buri, karatu ne ko kasuwanci ko riƙon gida, ya fara tanadar inda zai huce da wanda zai ce masa dakata, ya kuma ji maganar in an faɗa.

Har hutun ya ƙare, duk ranar kasuwa saurayin ne ke riƙe da injin. Layi yakan kai bakin hanya kamar kullum. Shi kuwa bayan kowane kwano kaɗan, sai ka ga ya miƙa tafin hannunsa ya dafa jikin ganga.