Alhaki Kwikwiyo Ne: Tsokaci a Kan Aƙidar Wicca Game da Mutuwa da Sakayya

Tambaya ce daɗaɗɗiya a wurin masu tunani: me zai hana mutum aikata zalunci idan ya yi imani cewa babu wuta, babu ranar hisabi? Wannan maƙala za ta dubi amsar da mabiya addinin Wicca suke bayarwa, sannan ta auna ta.

Wicca addini ne da ya bayyana a Ingila a tsakiyar ƙarni na ashirin. Wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka, Gerald Gardner, shi ne ya fito da shi fili a littafinsa na 1954, shekara uku bayan an soke tsohuwar dokar hana tsafi ta 1735. Gardner ya ce gado ne tun na kaka da kakanni, amma a 1999 masanin tarihi Ronald Hutton ya nuna cewa sabon gini ne da aka yi da tsofaffin tubala. Mai karatu ya lura, ko da yake mabiyansa kan kira kansu da sunan da mukan fassara da "mayu", ba su da alaƙa da mayen da Bahaushe ya sani, mai kama kurwa.

Galibinsu suna bauta wa abubuwa biyu, mace da namiji. Macen, Uwargijiya, ana danganta ta da wata, kuma tana da fuska uku: budurwa, uwa da tsohuwa, kamar yadda wata kan tsaya, ya cika, ya ƙwaƙushe. Namijin, Mai Ƙaho, shi ne na dawa da farauta, wanda a cewarsu yakan mutu a kaka, a sake haihuwarsa a tsakiyar hunturu. Wannan zagayen ne suke raya wa bukukuwa takwas a shekara.

Daga nan fahimtarsu ta mutuwa ta samo tushe. Tunda abin bautar kansa yana mutuwa ya dawo, mutum ma haka. Da yawansu sun ɗauka cewa rai kan tafi wani wuri da suke kira Summerland, ƙasa mai dausayi da shuke-shuke, ya huta, sa'an nan ya dawo duniya cikin sabon jiki. Babu alƙali a can, babu azaba. Sakayya kuwa a nan duniya take, domin wasunsu sun yarda cewa duk abin da mutum ya aikata, alheri ko sharri, zai komo masa ninki uku. Babbar ƙa'idarsu ita ce a guji cutar da kowa.

A gaskiya akwai abin dubawa a nan. Wanda ya san ramin muguntarsa shi zai faɗa ciki tun yana raye, zai yi wuya ya ɗage gyaran halinsa sai tsufa. Bahaushe ma ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Sai dai kwikwiyon nan ba kullum muke ganin ya cim ma mai shi ba. Azzalumai nawa ne suka mutu a kan gadonsu cikin daula, bayin Allah nawa suka ƙare a wulaƙance? Idan duniya ce kaɗai kotu, to wanda ya cinye dukiyar maraya ya mutu lafiya ya ci bulus, shi da marayan su tarar da hutu guda. Abin da ya fi wannan muni, za a iya juya ƙa'idar a ce wa wanda masifa ta auka wa, ai shukarsa ce yake girba. Ko Doreen Valiente, wadda ta taya Gardner tsara addu'o'in addinin, ba ta gamsu da zancen ninki uku ba.

Saboda haka, a ganina, aƙidar Wicca ta amsa rabin tambayar ne kawai. Ta yi wa mai rai magani a kan tsoron mutuwa, ta kuma ɗora masa nauyin aikinsa. Amma wanda aka zalunta har ya shiga kabari bai ga sakayya ba, ba ta da abin da za ta faɗa masa. Duk wata aƙida game da lahira, a gaban wannan mutumin ya kamata a fara auna ta.